Zauren Malam: Ba a wanke allo sai an iya

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, duk kuka ɗaya ne: yaro yana ta haye aji, takardar sakamako tana cewa ya ci, amma in aka zaunar da shi sai a ji wayam. Na ɗauko uku daga ciki. Ta farkon ce ta fi cin wuri, don ita ta fi taɓa ni.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. 'Ya'yana uku ne a boko. Babban yana aji biyu na ƙaramar sakandare, mai bi masa mace tana aji biyar na firamare, autan yana aji biyu. Kowane zango sakamakonsu ba laifi. Ran nan na aiki ta tsakiyar sayen kayan miya na naira 650, na ba ta dubu ɗaya, na ce nawa ne canjinki? Ta yi ta ƙirga yatsu har ta fashe da kuka. Maƙwabciyata malamar makaranta ce, ta ce akwai tsarin da ake barin kowane yaro ya tafi da saurinsa, ba ya barin darasi sai ya iya shi. Ina son in yi musu haka a gida, amma kaina ya ɗaure. Darussa sun fi goma, yara uku kowa da ajinsa, ga Islamiyya, ni kuma iyakata sakandare. Ta ina zan fara?
Wata uwa, Gwammaja

AMSA: Hajiya, Allah Ya raya su, Ya yi musu albarka. Ki fara da rarrashin yarinyar nan, ba daƙiƙiya ba ce. Wani mako ne a aji biyu ko uku aka koyar da ɗebewa da aro, wataƙila tana kwance da zazzaɓi, wataƙila tana can bayan aji ba ta jin malam. Da makon ya ƙare aka shiga darasi na gaba, domin manhajar da hukumar NERDC take fitarwa ana yanka ta ne mako-mako a zango. Mako na huɗu yana da nasa, na biyar yana da nasa, an gane ko ba a gane ba. Tun daga ranar duk abin da aka ɗora mata ginin tubalin toka ne.

Gaskiya maƙwabciyarki ta faɗa. A shekarar 1963 wani masani ɗan Amurka, John Carroll, ya kawo hujja cewa yawancin bambancin da ke tsakanin yara a karatu bambanci ne na lokacin da kowa yake buƙata kafin ya gane. Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya ɗora a kai a 1968, ya ce tunda haka ne a daina ɗaure lokaci ana sakin ganewa. A ɗaure ganewa, lokacin ne zai bambanta daga yaro zuwa yaro. A yanka darasi ƙanana, a koyar, a gwada, wanda bai kai ba a gyara masa ta wata hanya a sake gwada shi, sannan a wuce.

Ranar da na fara karanta wannan a kwalejin horon malamai dariya na yi, don na san shi tun ban san boko ba. Ina ɗan shekara bakwai a zauren malaminmu a cikin birni, mun kusa arba'in, ba za ki sami biyu da allonsu ya zo ɗaya ba. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya shiga Sabbi, ga gardi can gefe ya yi nisa yana rubuta nasa da kansa. In ka ji ka iya, sai ka je ka durƙusa ka kife allon a cinyarka ka kawo. Ka yi tuntuɓe sau biyu, malam ba ya ko ɗago kai, sai dai ka ji “koma.” Ka kawo sumul, ya ce “je ka wanke.” Ka wanke ka jingina shi a rana ya bushe, kana ta leƙawa don ɗokin ƙari. Ba wanda ya taɓa wanke allo don an shiga sabon mako. To abin da za ki yi a gida ke nan, sai dai da wasu gyare-gyare, don boko ba duka yake tafiya kamar allo ba.

Ki manta da ajin da suke ciki tukuna. Ki sami yammaci guda ki gwada kowa shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. A karatu, ki nuna masa haruffa, sai kalmomi, sai jimla uku ko huɗu, sai ɗan gajeren labari ki yi masa tambaya biyu a kai. Inda ya tsaya, nan ne allonsa. Ki fara da Hausa, don rubutunta yana bin lafazi, kuma yaron da ya iya haɗa ba, bi, bu ya riga ya ci rabin wahalar karanta Turanci. A lissafi ki bi su a jere: gane lambobi, tarawa, ɗebewa da aro, jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu, rabawa, sannan su rabi da kwata da sulusi. Kada ki ji kunyar ba ɗan sakandaren lissafin aji uku na firamare. Shekaru talatin da wani abu na yi ina riƙe alli, kuma da wuya in ga yaron da aljabara ta kayar wanda ba a jadawalin sau ko lissafin rabi da kwata ƙafarsa ta fara gurɗewa ba.

Sai batun darussa goma da suka ɗaure miki kai. Ba duka ne suke buƙatar wannan tsarin ba. Wasu darussan tsani ne, in mataki ɗaya ya karye ba a hawa na sama: lissafi, karatu da rubutu, Turanci, Larabci, hadda. Wasu kuma kamar birnin Kano suke. Wanda ya shigo ta Ƙofar Mata da wanda ya shigo ta Kabuga da wanda ya biyo ta Mazugal duk za su iya haɗuwa a Kurmi. Tarihi, zamantakewa, kiwon lafiya, aikin gona da yawancin kimiyyar firamare haka suke. Yaro zai iya sanin yadda sauro yake kawo zazzaɓi ba tare da ya san sassan fure ba. Saboda haka ƙarfinki ki zuba shi a kan tsani guda biyu, lissafi da karatu. Hadda tana hannun malaman Islamiyya, sun san aikinsu. Sauran darussan ki haɗa su ukun ku yi tare. Wata Asabar ki kai su Gidan Makama, ku biya ta marinar Ƙofar Mata. Autan ya zana abin da ya gani, ta tsakiyar ta rubuta jimla biyar, babban ya rubuta shafi guda a kan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fita ɗaya, kowa ya ɗebi daidai cikinsa. (In sun kai babbar sakandare labari zai canza, don kimiyyar can tsani ce, kuma a jikin lissafi take jingine.)

Ki saya wa kowa littafin rubutu mai fallen arba'in, wanda ba a zuwa da shi makaranta. A shafin farko ki jera matakan, kowanne a layinsa, kuma ki yanka su ƙanana. “Ɗebewa” ya yi girma a ce mataki ɗaya ne. Ɗebewa ba aro mataki ne, da aro sau ɗaya wani ne, aro ta kan sifiri kamar 1000 a cire 650 wani ne daban, kuma shi ne ya sa 'yarki kuka. Littafin makaranta na aji biyu zuwa shida zai nuna miki jerin, ki duba shafin abubuwan da ke ciki. A gaban kowane mataki ki bar gurbi biyu na kwanan wata.

Me ya sa biyu? Don iyawar ranar da aka koya ba iyawa ba ce, ɗumin darasi ne. Masu bin tsarin Bloom sukan sa ma'auni a kan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Ni a zaurena tambaya goma nake bayarwa, in yaro ya ci takwas in rubuta kwanan wata na farko. Bayan mako guda, ba tare da gargaɗi ba, in ba shi wasu goma sababbi. In ya sake cin takwas, kuma ya iya gaya mini da bakinsa dalilin da ya sa ya yi aro, ya wanke allo. In ya faɗi, na share na farkon.

In ya faɗi kuma, kada ki maimaita bayanin jiya da murya mai ƙarfi. Wannan shi ne kuskuren da muka fi yi, mu malamai ma. Hanya za ki canza. Ga yadda na yi da wata jikata mai irin matsalar 'yarki. Na shimfiɗa tabarma na zama mai kanti, na ajiye gwangwanin madara, na ce 650 ne. Na ba ta takardar dubu ɗaya na ce ta ciro mini kuɗina daga ciki. Ta juya takardar ta ce, “Ai ba ta ɓarewa, Baba.” Na ce to yaya ake yi a kasuwa? Ta ce canji ake nema. Na karɓa na ba ta 'yan ɗari-ɗari guda goma. Ta ƙirgo shida ta tsaya, saura hamsin. Ta dube ni, ta dubi kuɗin, sai ta miƙo ɗari ɗaya ta ce, “A sake canzo wannan.” Na ba ta hamsin biyu. Ta biya ni, ta ƙirga abin da ya rage a hannunta, 350. Sannan na ɗauko takarda na rubuta lissafin a tsaye, na ce wannan soke-soken da malaminku yake yi a kan sifiri, canjin nan ne da kika nema sau biyu. Ta yi shiru, can ta ce, “Shi ke nan?” Ga autanki kuwa tsinken tsintsiya ya isa, a ɗaure goma-goma da zare, in za a yi aro a kwance ɗauri ɗaya.

Lokaci: minti arba'in tsakanin magariba da isha'i, kwana huɗu a mako, ya wadatar. In babu wuta fitilar caji ta isa. Babban ya fara da aikinsa shi kaɗai, ke kina tare da autan minti goma, sannan ki koma kan ta tsakiyar, shi kuma babban in ya gama ya saurari karatun autan. Gardin gida ke nan, amma kada ki ba shi bulala. Rana ɗaya cikin huɗun ki mayar da ita ta tilawa, ba sabon abu, tambayoyi ne gauraye daga matakan da aka wuce. Mai hadda ya san abin da ke samun izun da aka bari ba a waiwaya. Abin da ya fi ƙarfinki a lissafin babban, ki roƙi maƙwabciyar ta duba masa ran Asabar. Ke aikinki riƙe littafin nan da hana wanke allo kafin lokaci, kuma wannan ba ya buƙatar digiri.

Yanzu inda boko ya rabu da allo. Almajiri ko shekara nawa ya ɗauka, ranar da ya sauke ita ce ranarsa. Jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa. Wani malamin jami'a a Amurka, Fred Keller, ya fito da irin wannan tsari a 1968, kowane ɗalibi ya yi gwajin babi in ya shirya. Babbar matsalar da aka yi ta cin karo da ita ita ce jan ƙafa, ɗalibai su yi ta cewa sai gobe har zango ya ƙare. In manya sun yi haka, ina ga ɗan shekara goma sha uku mai ƙwallo a ƙofar gida? “Kowa da saurinsa” ba ya nufin kowa da ganin damarsa. Babbanki yana da jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku. Ki ƙirga makonnin da suka rage, ki ƙirga matakan da suka rage a littafinsa, ki raba. In ya kama mataki ɗaya a mako, to kin san ma'auninki. Shi kam rabin lokacinsa gyaran baya, rabi aikin gidan da aka ba shi a makaranta, don kada a garin cike ramin jiya a haƙa na yau. Autan ba abin da yake korarsa, ki bar shi ya jiƙu.

Wani abu kuma da ni na yi na ƙone. Akwai ɗan ƙanena da na riƙe a kan rabawa mai tsawo kusan zango guda, na ce sai ya ci goma bisa goma. Yaron ya kai ga in ya hango ni da littafi sai ciwon ciki ya tashi. Ashe ba rabawar ba ce, sau bakwai da sau takwas ne bai haddace ba, ni kuma ina ta dukan inda ba nan ciwon yake ba. Tun daga nan na sa wa kaina doka: in mataki ya wuce mako biyu bai faɗa ba, in sauka ƙasa da mataki ɗaya in duba, in ba haka ba in ajiye shi mu yi awo ko siffofi na kwana biyu mu dawo. Ki rubuto mini bayan zango guda in ji inda littafin ta tsakiyar ya kai.

TAMBAYA: Baba Malam, ni sabon malami ne, aji huɗu nake riƙewa, yara 94. Kusan rabi ba sa iya karanta jimla. Masu duba makarantu kuma littafin shirin darasi suke dubawa, su ga ko ina kan makon da ya kamata. Wannan tsarin zai yiwu a irin ajina?
Wani malami, Kurna

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ba zan ruɗe ka ba, littafi guda ga kowane yaro cikin 94 ba zai yiwu ba. Bloom ya rubuta a 1984 cewa matsakaicin yaron da aka koyar shi kaɗai da wannan tsari ya zarce kashi 98 cikin ɗari na 'yan aji na yau da kullum. Binciken da ya biyo baya bai sami tazara mai girma haka ba, kuma ko ba komai kai ba yaro ɗaya ne a gabanka ba.

Abin da zai yiwu shi ne rukuni. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wannan: a gwada yara, a raba su bisa inda suka tsaya maimakon shekaru ko aji, a ware lokaci kullum ana aiki da kowane rukuni a matakinsa. An gwada shi a nan jiharmu a shirin koyar da karatu da lissafi na KaLMA da aka fara a 2019 a Dawakin Tofa da Wudil, da 'yan aji huɗu zuwa shida. Ka yi gwajin da na gaya wa Hajiya a sama, yara goma a rana, cikin mako biyu ka gama. Za ka sami 'yan haruffa, 'yan kalmomi da masu karanta labari. Ka nemi hedimasta ya amince maka da darasi ɗaya a rana na wannan aikin, ka je masa da takardar gwajin a hannu, don lamba tana shiga kunnen shugaba fiye da ƙorafi. Masu karanta labari ka zaɓi shida su zama gardawanka, kai ka zauna da 'yan haruffa. Duk wata ka sake gwaji, wanda ya iya ya haye rukuni a gaban kowa. Kada ka sa wa rukunin sunan da zai zama abin tsokana, sunayen ƙofofin gari sun isa. Sauran darussan yini ka bi manhaja yadda take, masu dubawa su ga littafinka daidai.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. 'Yata tana aji huɗu, kullum ita ce ta ɗaya. Ina son ta tsallaka sakandare bana, kuma in saya mata waya babba ta riƙa karatu a intanet da kanta. Me ka gani?
Wani uba, Fagge

AMSA: Alhaji, Allah Ya ƙara mata basira. Ta ɗaya a aji yana nufin ta fi 'yan ajinsu, bai ce ta iya karatun aji biyar da shida ba. Ka sayo littafin lissafi da na Turanci na waɗannan azuzuwan biyu, ka sa wani malami wanda ba na makarantarsu ba ya ciro tambaya goma daga kowane babi. In tana cin takwas a kusan duka, mu yi magana. Ko da ta ci, ka ƙirga shekarunta. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, in ta gama sakandare tana 15 zaman jira za ta yi. Kuma 'yar shekara tara a tsakiyar 'yan sha biyu tana shan wata wahala da ba ta fitowa a takardar sakamako. Na fi son ta zauna a ajinta, a gida a sakar mata linzami a lissafi da karatu ta yi gaba iya ƙarfinta.

Wayar kuma, akwai Khan Academy, wata kafar karatu ta intanet da aka kafa a 2008, kyauta ce in ban da kuɗin data, kuma lissafinta a jere yake mataki-mataki, tana nuna abin da yaro ya ƙware da wanda bai ƙware ba. Sai dai bayanin da Turanci ne, kuma na ga yaran da suke canki-canka har na'ura ta ce sun iya. In za ka saya, wayar ta zauna a hannun mahaifiyarta, minti talatin a rana a tsakar gida. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka ajiye wayar a aljihunka, ka ba ta fensir da takarda, ka ce yadi 7 na shadda a kan naira 4,500 kowane yadi, an yi ragin kashi 10 cikin ɗari, nawa za a biya.